Karatun da Ya Bari a Rabi

Littattafai biyu ya bari a kan tabarmarsa, ɗaya kore ɗaya ja, kowanne da kauri kamar bulo. A cikin kowanne akwai tsinken kaba da ya soka a inda ya tsaya. Daga kabar da nake saƙa faifai yake zarowa, na sha yi mashi faɗa a kai.

Ɗana na fari nake faɗi. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba kuma zan fara yau ba don na iya riƙe biro da tsufana. Mu haka aka tashe mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi mashi wasa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. In zan ba shi tuwo sai in ajiye kwano in ce wa bango, "Ga na mai boko nan." Shi kuma ya ce wa bangon, "An gode." Haka muka yi zamanmu, kuma mun fi masu rungume-rungumen yanzu sanin cikin juna.

Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa. Jibiya ta cika da ƙarar babura, kowane zaure da rediyo, wanda jiya yake kan jaki yau yana zancen kwanon rufi. Sukari da sabulu da kananzir sun yi arha a wajenmu, a ƙetaren iyaka kuwa fari bai daɗe da sakinsu ba, komai suna nema. Ni sana'ata ke nan. In ɗora kaya a kai, in bar hanyar Magama inda 'yan kwastan suke da shingensu, in bi ta gulbi in ratsa gonaki, in faɗa ƙauyen uwata. Can aka haife ni, aure ne ya kawo ni wannan gefe. In sayar, in gaida tsohuwa, in ɗauko kanwa da cuku in dawo. Ban taɓa jin ina yin wani abin ɓoyo ba. Hanyar da aka kawo ni ɗakin miji ce, ita nake bi.

Shi kuwa yana babbar makaranta a Zariya, ana cewa in ya gama babban ma'aikacin gwamnati zai zama. Da ya zo hutu cikin bazara, ranar nan ina tankaɗe a tsakar gida, yana zaune a gindin itacen bedi da jan littafin a cinyarsa, sai na ji ya ce wa iska:

"A gaya wa mai bin bayan gari da kaya, ranar da aka kama ta ni za a yi wa dariya."

Na ce wa rariya, "A gaya wa mai boko, takalmin da yake taƙama da shi ta bayan garin ya zo."

"Doka ce, Inna."

"Dokar wa? Ranar da Turawa suka ja layin iyakar an kira kakana? Gonarsa aka raba, gero a Faransa rumbu a Ingila. Wa ya tambaye shi?"

"In kowa ya ce sai dokar da aka tambaye shi zai bi, ai gari ba zai zaunu ba."

"In kuma kowa ya bi duk abin da aka ce, ranar da aka ce kada ka gaida uwarka sai ka ce to."

Ya yi dariya har yana buga littafin da tafin hannu. Sannan ya yi abin da bai saba ba, ya dubi fuskata sosai. Ya ce, "Wallahi tambayarki tana cikin nan. Tun kafin Annabi Isa mutane ke yin ta. Ban kai inda aka yanke ba. In na gama zan faɗa maki, ko ni aka kayar."

Na kawar da kai, na ce wa rariya, "Ana jira."

Ba a yi mako ba ya shiga motar haya zai je Katsina ya dawo a ranar. Suka haɗu da tankar mai. Kafin la'asar an kawo shi.

Ba zan tsaya a nan ba. An yi mashi sutura, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, an sauke mashi Alƙur'ani. Ni ban yi kuka ba, don uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a ga idonta. Mata suna shigowa suna cewa, "Kai, wance akwai haƙuri." Ina jin su. Ba haƙuri ba ne, rashin wurin ajiyewa ne.

Bayan arba'in maigida ya ce a share ɗakin. Kayan sawa aka bayar. Da aka zo kan littattafai sai ya ce mai tsiren bakin tasha ya aiko yana tambaya ko akwai takardun da ba a so.

Na ce, "Ya zo ya ɗauka, in yana so in naɗe shi a ciki."

"To mi za ki yi da su? Ke ba karatu ba, ni ba boko ba."

"Ƙarasawa za a yi."

Ya dube ni kamar na zautu. Amma ya san abin da nake nufi, don shi ma ɗan nan ne. A wajenmu ba a barin aikin mamaci a buɗe. Ubana ya rasu da damina, ya yi noman fari bai yi maimai ba. Ba wanda ya roƙi kowa. Da safe muka ga maza sun fito da hauya, daga ƙauyenmu da na maƙwabta, suka shiga gonar, ba su fita ba sai da suka kai gefe. In masaƙi ya mutu da zare a kan masaƙa, wani masaƙin ke zama ya kai shi ƙarshe. In mace ta bar tukunya ba a gasa ba, a gasa. Gayya ce, amma ta mamaci, ba kiɗa ba ihu.

Maigida ya ce, "Karatu ba gona ba ne. Abin da ke kansa ya tafi da shi."

Na ce, "Geron da aka nome wa ubana ma ba shi ya ci ba."

"Kuma ba lada a ciki. Maganar mutanen da ba su ga Annabi ba ce."

"Lada an nema mashi, kana wurin aka sauke. Wannan aiki ne ya bari a buɗe."

Ya ɗauki hauyarsa ya fita.

Akwai wata malamar firamare da ke haya a ɗakinmu na kusa da zaure. Lokacin gwamnati ta buɗe makarantu ko'ina, ana ta kawo malamai daga nesa. Ita daga wajen Kafanchan take, Kirista, 'yar siririya, ran Lahadi ta rufe ƙofa ta yi ta waƙoƙinsu a hankali. Hausarta tana da gishirin garinsu, ni ina yi mata dariya, ita tana yi wa tawa. Na ɗauki littattafan biyu na kai mata, na dire a gabanta.

"Malama, mi ke cikin waɗannan?"

Ta goge hannu a zaninta kafin ta taɓa. Ta daɗe tana juyawa. Ta ce duka biyun wasu manyan malamai ne suka zauna suka tattaro maganganun masu tunani na zamanin da, mutanen wata ƙasa ta bakin teku, suka yi masu sharhi. Koren yana magana a kan rai: mene ne shi, ina yake zuwa, wace rayuwa ce mai kyau, me ya sa ake tsoron mutuwa. Jan kuwa a kan riƙon gari ne: wa ya kamata ya yi mulki, don me ake bin doka, yaushe ake ƙin bi.

Na faɗa mata abin da nake so. Ta karanta daga inda tsinken yake har bango, da ƙarfi, ta juya mani da Hausa, ni in saurara. In ba a ji ba ai ba a yi ba.

Ta ajiye littattafan. Sannan ta ce, "Inna, kin san in aka yi hutun ƙarshen shekara zan tafi gida. Aure zan yi, ba zan dawo ba."

"Na sani. Ni na ce maki hancin angon ya yi girma a hoto."

"Turancin nan ba irin na aji ba ne. Sai na karanta, na sake, na gane, kafin in juya maki. Lokacin da nake da shi daga la'asar zuwa magariba ne. Duba nan." Ta ɗaga koren. Tsinken yana can kusa da ƙarshe, abin da ya rage bai fi kaurin masa guda ba. Ta ɗaga jan. Ko rabi bai kai ba. "Koren za mu gama har mu huta. Jan ko yau muka fara ban yi maki alkawari ba."

"A yi koren, a shiga jan."

"Sai dai mu bar jan a hanya karo na biyu."

Wannan kam ba zai yiwu ba. Gayyar da aka watse aka bar gona rabi ta fi wadda ba a kira ba muni, don an nuna wa mamaci an gaji da shi. Kuma in ta tafi ban san wani ba. Hedimasta namiji ne, ba zai zo ya zauna da matar mutane kullum ba. 'Yan kwastan suna da Turanci, amma ni da su sai daga nesa. Ɗaya zan ɗauka.

Na ce ta ɗanɗana mani kowanne, yadda ake yi in za a sayi zuma.

Ta fara da koren, daidai inda ya tsaya. Wani tsoho ne a ciki ake tambayarsa ko wanda ya mutu da ƙuruciya an ƙware shi. Tsohon bai ba da amsa kai tsaye ba, sai ya yi ta mayar da tambaya. Ya ce in mutum ya zo biki ya ci ya sha ya ga 'yan'uwa ya tashi da wuri, za a ce bai zo bikin ba? Malama tana juyawa a hankali, tana neman kalma, ni kuwa na ji hawaye na shirin zubo mani. Na ce mata ina zuwa, na bar tukunya a wuta. Na shiga madafi na durƙusa na yi ta hura ɗanyen icce, don in an ga idona a ce hayaƙi ne.

Da na fito ta ɗauki jan. Wai mulki iri-iri ne, akwai na mutum ɗaya, akwai na 'yan kaɗan, akwai na taron jama'a, kowanne yana da mai kyau yana da ruɓaɓɓe, kowane ruɓaɓɓe kuma yana da sunansa. Tuwo ba miya. Kafin ta kai ƙasan shafin na yi hamma ta fi a ƙirga.

Ta rufe ta ce, "Inna, ki ɗauki koren. Ni na ga idonki, ba ruwan hayaƙi. Zai sanyaya maki zuciya."

Maigida ma, da ya ce ba ruwansa, da dare ya yi yana cin tuwo sai ya ce wa kwanon, "Mai hankali gonar da ta kusa fita yake kira wa gayya."

Gaskiya suka faɗa, su duka. Ni ma koren nake so. Ina son in ji yadda tsohon nan zai ƙare da maganar biki. Kwana da kwanaki ina juya abin. Na ɗauki kaya na tafi ƙetare, ina tafe ina tunani. A gulbi na sauke kayan na zauna a kan yashi, ruwa bai riga ya zo ba. Nan na ce wa kaina, ke, kada ki yi wa kanki ƙarya. Koren don ke ne. Kina son a shafa maki baya. Mutanen da suka shiga gonar ubanki ba don su ji daɗi suka shiga ba. Kuma ba a kan koren ya dube ki ba. A kan jan ya ce zai faɗa maki, ko shi aka kayar. Magana ce tsakaninku, ita ce a buɗe.

Da na dawo na naɗe koren a tsohon zani, na sa shi a ƙasan babbar kwalla, na jera kwanoni a kai, don kada raina ya biya. Na kai wa Malama jan.

Ta ce, "Inna, kin tabbata? In ba mu gama ba fa?"

"In kika daina surutu za mu gama."

Mai gayya shi ke ciyar da 'yan aiki, don haka na ɗauke mata girki da wanki da ɗiban ruwa. Ta dawo daga makaranta ta tarar da abinci a rufe, ta ci, ta ɗan kwanta, in na sallame la'asar mu shimfiɗa tabarma a gindin bedi, inda yake zama. Na rage zuwa ƙetare, sai wanda zan je da asuba in dawo kafin azahar. Abokan tafiyata suka ce na shiga makaranta da furfura. Na ce eh, ku kuma ku ci gaba da zama jakuna.

Da farko wahala na sha. Sunayen mutanen kamar ana tauna tsakuwa, sai na raɗa masu nawa: akwai Mai Gemu, akwai Ɗalibinsa, akwai Sarkin Gardama. In Malama ta ce wane ya ce, sai in ce, "Wanne? Mai Gemu?" Ta ce, "A'a, Ɗalibinsa." A haka na fara gane su, har na san halin kowa. Ashe ba tuwo ba miya ba ne, miyar tana ƙasa. Wani ya ce a ba masu ilimi mulki su kaɗai. Na ce wannan bai taɓa aiken mai ilimi kasuwa ba. Wani ya ce gari kamar gida ne, sarki kamar uba. Na ce to a gidan wa ya ga uba ya san inda gishiri yake? Wata rana aka zo inda wani ke cewa mata ba su da bakin magana a sha'anin gari.

Na ce, "Juya shafi."

Ta ce, "A'a. Ke kika ce a gayya ba a tsallake ciyawa."

"To karanta, amma ki yi sauri, kada in ji warinsa."

Maƙwabta suka fara leƙowa da tsintsiya ko da tsinin wake a faifai, wai wucewa suke. Maigida kuma sai ya zamana kullum igiyar akuya tana tsinkewa daidai la'asar, sai ya zauna nesa kaɗan yana tufka. Ranar da aka karanta mai cewa gara mugun sarki da rashin sarki, na ce ƙarya ne. Sai na ji an ce wa akuya, "Wanda bai ga shekarar da aka yi ba alƙali a kasuwa ba shi ke cewa ƙarya ne." Na ce wa akuyar ta gaya wa mai ita ba da shi ake ba.

Wani lokaci Malama ta tsaya, ta yi ta kallon shafi, ta ce, "Inna, wannan ni ma ban gane ba."

In ce, "Faɗe shi yadda yake. Mai boko zai gane."

Tsinken yana ta matsawa. Kullum in mun tashi ni ke soka shi da hannuna, in dubi kaurin da ya rage. Ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa, muna ciki. Ranar da aka yi ruwa mu koma zaure. Na fara cewa a raina za mu kai.

Sai zazzaɓi ya kayar da ita. Sauron daminarmu bai san baƙo ba. Ta kwanta tana rawar ɗari, ko makaranta ba ta zuwa. Na dafa mata ganyen bedi na yi mata surace, na kai ta asibiti aka yi mata allura. Ina jinyarta tsakani da Allah, amma ba zan ɓoye ba, ina shafa mata goshi ina satar kallon littafin. Ita ma ta lura. Ta ce da muryar marar lafiya, "Inna, ni kike jinya ko Mai Gemu?" Na ce, "Ku duka. Sha kunun."

Da ta tashi hutu ya zo kusa. Ga jarrabawar yara tana dubawa. Muka ƙara da safe kafin ta fita, muka hana maƙwabta tambaya, ni ma na kama bakina, wanda shi ya fi komai wuya. Duk da haka ranar tafiyarta ta zo da sauran 'yan shafuka. Ba yawa, amma saura saura ne.

Ta ce, "Inna, ki yafe mani. Ba zan iya ƙara kwana ba, ana jirana."

Na ce, "Ɗauki jakarki. Mota ba ta tashi sai ta cika."

Na ɗora akwatinta a kai, littafin a hammata, muka tafi tasha. Ta kama wuri a motar Katsina, aka ɗaure akwatin a sama, muka zauna a kan benci a rumfar mai shayi, ta buɗe. Ɗan kamasho yana ta ihu, "Katsina! Katsina! Saura kaɗan!" Ni kuwa duk wanda na ga ya nufo da kaya sai in ji kamar in kore shi. Ban taɓa roƙon Allah ya hana wani kasuwa ba sai ranar.

Motar ta cika. Direba ya tayar, ya danna oda. Ɗan kamasho ya zo ya tsaya a kanmu.

"Malama, ke ake jira. Inna, sakar mana fasinja."

"Ka ba mu kaɗan."

"Kaɗan na mi? Wa'azi kuke yi?"

Daga cikin motar aka fara. Wata mai kaji ta ce zafi zai kashe mata kaji. Wani mai agogo ya ce yana da aiki a ofis, ba zai zauna don tatsuniyar mata ba. Malama ta miƙe, idonta ya kawo ruwa. Na riƙe mata zani. Na taka har gaban motar, ni da ban taɓa yin zancensa gaban mutane ba, na ce:

"Jama'a, aikin mamaci ne. Yaron gidanmu ne, wanda tankar mai ta kashe da bazara a kan hanyar nan da za ku bi. Ya bar karatu a rabi, shi ake ƙarasa mashi. Saura kaɗan mu kai gefe."

Wani dattijo da ke gaba, da sandarsa tsakanin ƙafafu, daga ganinsa manomin wajen Daddara ne, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Direba, kashe mota." Direba ya kashe. Mai agogo ya buɗe baki, dattijon ya ce, "Kai ba za ka mutu ka bar aiki ba?" Ya rufe. Mai kaji ta sauko da kejinta ta sa a inuwa, ta zo ta tsuguna kusa da mu.

Malama ta karanta a tsaye, tana juyawa. Fasinja suna ji ta taga. Mai shayi ya rage rediyonsa. Ta kai layin ƙarshe, ta juya shafin, ba komai a bayansa sai fari. Ta rufe.

Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"To wa ke da gaskiya, ni ko shi?"

"Mai littafin bai yanke ba. Ya ce masu cewa a bi doka ko ba a so, tsoron watsewar gari suke yi. Masu cewa sai da yardar mutane, tsoron zalunci suke yi. Ya ce duka tsoron biyu na gaskiya ne, kuma kowane zamani sai mutanensa sun sake zama a kai."

"Duk kaurin nan?"

Ɗan kamasho ya ce, "Inna, ai da ni kika tambaya, da tun bazara na faɗa maki haka, kyauta."

Mota duka ta ɗauki dariya, har mai agogo. Ni ma na yi. Na zare tsinken kaban daga littafin na ɗaure shi a bakin zanina. Dattijon ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, Malama ta sunkuyar da kai ta yi irin tasu. Ta rungume ni, na ce ta sake ni kada ta karya ni, ta gaida mai hancin. Na leƙa ta tagar direba na ce, "Kai kuma ka tafi a hankali." Ya ce, "In sha Allahu, Inna." Ban sake ganinta ba. Na ji ta haifi 'ya'ya da yawa.

Hanyar gulbi ban daina bi ba har uwata ta rasu. Sai dai tun daga nan ban sake bin ta da rai sake ba. Ina tafe ina jin Sarkin Gardama a kunne ɗaya, mai boko a ɗayan, ina ba su amsa. Wani lokacin su kayar da ni, in dawo ta shingen Magama in tsaya a duba kayana. Wani lokacin ni ke kayar da su.

Koren ya daɗe a kwalla. Da aka buɗe ajin manya a unguwarmu na shiga, na koyi baƙaƙen boko, ina zaton shi ke nan. Na ciro shi na buɗe, ga baƙaƙen duk na san su, amma ba su yi mani magana ba. Sai da jikata, ɗiyar autana, ta yi nisa a makaranta ta ƙarasa mani shi, tana yi tana duba agogo. Yana da daɗi, yadda Malama ta ce. Da shi na ɗauka a wancan lokacin, da na sha kukana a madafi na ce na gama.

Amma ranar da na dawo daga tasha ban san duk wannan ba. Na shiga ɗakinsa, na tura ƙyaure, na ajiye jan littafin a inda tabarmarsa take da. Na kwance tsinken na ɗora a kai. Na dubi bango na ce, "A gaya wa mai boko an kai gefe. Ba a ba shi gaskiya ba. Ni ma ba a ba ni ba."

Sannan na zauna a ƙasa na yi abin da ban yi ba tun bazara, ba hayaƙi ba komai.

Na daɗe. Da na fito maigida yana gindin bedi da igiyarsa, bai ɗago ba. Ya ce wa akuya, "A tambaya mana, an gama?"

Na ce, "An gama."

Ya ce, "Madalla." Ya naɗe igiyar ya rataye, don dama ba abin da ya same ta.